Taku Huɗu Daga Kabarin Baba

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ƙofar coci bayan sujada, a makarantar da nake koyarwa, har wajen mai shayin bakin hanya, kowa sai ya ce, "Malam Yohanna, yaya ƙasar masu Faransanci?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, ina zaɓar wa kowa inda ya fi mini daɗin faɗa. Bari in rubuta shi ɗungurungum, har da wuraren da nake tsallakewa.

Wurin da na fi tsallakewa shi ne dalilin tafiyar. Bara waccan wata wasiƙa ta zo wa ikilisiyarmu, a ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni, daga wasu majami'u na ƙasashen waje. Suka ce duniya tana ɗumama, damina tana rikicewa, kuma kula da halittar Allah aikin kowane mai bi ne. Ni ne sakataren coci, ni na karanta wasiƙar, ni kuma na fi kowa zaƙewa. A tunanina kula da wuri shi ne a share shi tas, kamar tsakar gida ranar Kirsimeti. Bayan makabartarmu akwai gangare cike da sabara da geza da kalgo. Na tara matasa muka sare su, muka cinna wuta, muka dasa itacen turare layi-layi, muka ɗauki hoto muka aika.

Muna cikin saran sai ga Malam Buba da shanunsa. Ƙanen Arɗo ne, shugaban Fulanin wajenmu, rugarsu da gonarsu suna can saman gangaren. Ya tsaya ya ce, "Malam, da kun bar sabarar nan. Ita ke tare ruwan da ke saukowa daga wajenmu."

Ni kuwa da bakina da ba ya jiran shawara, a gaban matasa na ce, "Ku da shanunku kuka cinye dajin ƙasar nan, yau kai za ka koya mini kula da shi?" Ya kora shanunsa ya wuce.

Turaren bai kai rani ba ya bushe. Damina ta farko ruwa ya ja wata 'yar hanya a gangaren. Ta biyu ya mai da ita kwazazzabo mai shanye mutum a tsaye, kuma ya nufi makabarta kai tsaye. Kabarin da ke bakin gaba na mahaifina ne. Da ruwan bara ya ɗauke, taku huɗu ne ya rage tsakaninsa da ramin. Na sani domin Inna, mahaifiyata, kullum da safe sai ta je ta auna da ƙafarta. Tun daga lokacin ta daina yi mini magana in ban da amsa gaisuwa. Abincin da matata Rifkatu ke kai mata tana karɓa, amma in na shiga ɗakinta sai ta jawo faifai ta kama tsintar wake.

Bana, ana cikin zafin bazara, aka gayyaci cocinmu wani taron majami'u a kan sauyin yanayi, a wani gari gaba da Magariya. Aka ce mutanen can sun san maganin zaizayar ƙasa. Na roƙi Fasto ya tura ni. Ya ce to, amma tun da ban taɓa ƙetare iyaka ba, ya samo mini abokin tafiya mai dangi a can. Da asubar ranar na fito da jakata, sai na tarar da Malam Buba zaune a gindin dogonyaron coci, da malafarsa da sandarsa. Na ji kamar in koma ciki in ce zazzaɓi ya kama ni.

Babur ɗaya ya kai mu Roni, ni a tsakiya, shi a baya, gwiwarsa tana sukar cinyata. A Kazaure muka yi zaman jiran mota ta cika har hantsi ya dubi ludayi. Duk maganarmu ba ta wuce "Sannu" da "Yauwa" ba. Ni dai idona na sama. Gajimare ya fara taruwa fari-fari daga gabas, kuma duk wanda ya shigo motar zancensa ɗaya: an yi ruwa a wuri kaza, an yi shuka a wuri kaza. Wata mata mai kwandon kaji ta ce, "Allah ya kawo mana shi da yawa bana!" Mota duka ta ce amin. Ni kaɗai na ƙi cewa amin, ina jin kunyar kaina, manomi ɗan manomi yana roƙon Allah a ɓoye ya riƙe ruwa.

A Kanya Babba taya ta fashe. Direba ya ce safayar ma ba iska, ya ɗora ta a babur ya tafi nemo mai faci. Muka zube a inuwar wani shago. Malam Buba ya kwance ƙullinsa, ya dama fura a ƙoƙo, ya miƙo mini tun kafin ya kai bakinsa. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Sha, Malam, cikinka tun Kazaure yake gaishe ni." Na karɓa na sha, kuma rabon da in sha fura irin wannan har na manta.

Sai bayan azahar muka isa Babura. Nan na fara jin kamar na riga na bar gida: rabin masu shago da sefa suke ciniki, kuma Hausar wasu ta fara karkata. Daga can zuwa iyaka ba nisa. Na sha jin labarin jandarmomi, jami'an tsaron Nijar, don haka tun daga nesa na fito da katina na riƙe da hannu biyu. Wani dogo ya duba katin, ya duba ni, ya yi wata magana da Faransanci. Na yi tsuru-tsuru. Ya maimaita, na ce, "Ranka ya daɗe, taron coci za ni." Sai ya fashe da dariya ya ce da Hausa garau, "Cewa na yi ina gajiya!" Malam Buba kuwa ko katinsa ba a gama dubawa ba aka shiga tambayarsa lafiyar Arɗo da ta shanu.

Abin da ya ba ni mamaki bayan iyaka shi ne gonaki. Ni da na zaci hamada zan tarar, sai ga itatuwa tsaye a tsakiyar gona, gawo da kalgo da aduwa, ba layi ba tsari, kowanne inda ya ga dama. A wajenmu in ka ga gona haka cewa za ka yi mai ita rago ne. Na faɗa wa Malam Buba hakan. Ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da kallon taga.

An sauke mu a azuzuwan makarantar wani coci, tabarmi a ƙasa, buta a ƙofa. Malam Buba ya wuce wajen danginsa, ya ce zai leƙo ni gobe. Abincinsu bai yi nisa da namu ba, sai dai burodinsu dogo ne kamar muciya, kuma ɓawonsa sai da ya yanke mini dasashi. Dambu da zogale kam sun iya shi. Shayi kuma ba a shan sa a tashi: ɗan kofi kamar murfin kwalba, sau uku, kowane zagaye da jiransa. Ni da hankalina ke gida, na kurɓe na farko na miƙe, aka jawo ni aka zaunar, wai ba a yi wa mai shayi haka.

Washegari aka buɗe taro. Mutane sun zo daga ƙasashe daban-daban, magana ɗaya sai ta bi ta bakin tafinta biyu kafin ta iso Hausa. An yi waƙa, an yi addu'a, an yi dogon bayani a kan hayaƙin manyan ƙasashe da alkawuran da suke yi a tarukan duniya. Gaskiya rabi na ji. Sai wata dattijuwa ta miƙe, daga wani tsibiri da ban taɓa jin sunansa ba. Ta ce teku ya ci makabartar cocinsu. Ta ce da hannunsu suka tone iyayensu suka kai tudu, waɗanda suka samu ke nan, domin wasu ruwa ya riga su. Tafinta na faɗa, ita tana nuna tafin hannunta. Ban iya cin abincin rana ba. Na fita bayan aji na kira Rifkatu, ta ce ba a yi ruwa ba tukuna, amma iska ta juya.

Da yamma aka kai mu gonar wani tsoho, Malam Isufu, mai bishara ne da ya yi ritaya. Malam Buba ya iso daidai lokacin, ya bi mu. Tsohon ya durƙusa gaban wani kututturen kalgo da ya yi toho kusan goma, ya zaɓi uku masu ƙarfi, ya yanke sauran da 'yar wuƙa. Ya ce duk itatuwan gonarsa haka ya tashe su, bai dasa ko ɗaya ba, suna nan a ƙasa tun kakanni, jira suke a daina sare su. Ya nuna mana layukan duwatsu da ya jera a kwance a gangare, da wata ciyawa da ya dasa a bayansu.

Da jama'a suka watse na tare shi. Na zana masa gangarenmu a ƙasa da tsinke: ga coci, ga makabarta, ga kwazazzabo. Na ce, "Baba, ciyawar nan nake so. In na dasa ta a bakin ramin, za ta riƙe?"

Ya ce, "Bana? A'a. Sai ta sha damina guda kafin saiwarta ta kama. Kai ɗana, kana kallon inda ruwa ke ɓarna, ba ka kallon inda yake fitowa. Daga ina yake taruwa?"

Na nuna saman zanen.

"To, can za ka karya masa ƙarfi. Layi uku na dutse, a kwance, tun kafin ruwan farko mai ƙarfi. In ka yi haka zai iso ramin a gajiye. In ba ka yi ba, ka fara neman inda za ka mai da mahaifinka. Gonar wa ce a saman?"

Malam Buba na tsugune a gefe yana kallon zanen. Shi ya amsa, ya ce, "Tamu ce." Sa'annan ya ƙara da cewa, "Amma ba ni ke da iko da ita ba, sai Arɗo. Kuma nan ne shanu suka kwana duk rani, ta sha taki, iri kawai take jira."

Na tafi wata ƙasa neman magani, ashe yana hannun mutumin da na ci wa mutunci a ƙofar gida. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni.

Da sassafe Rifkatu ta kira. An yi ruwa a Gwiwa, mu kuma yayyafi, har gefen ramin ya ɗan zube. Inna ta auna, saura taku uku da ɗan abu. Ban jira rufe taro ba. Amma kafin mu tashi sai da na koma wajen Malam Isufu na cika buhu da ciyawar nan, da saiwarta da ƙasarta. Malam Buba ya leƙa buhun ya ce, "Malam, wannan ai jema ce. Tana nan jibge a fadamar wajenmu. Bar ta, za ta ja mana tsaiko." Na ce ba zan koma gaban ikilisiya hannu rabbana ba, a ce na je Nijar na dawo da labari. Ya ce, "To."

A iyaka aka ce a buɗe buhu. Jami'in bai yi faɗa ba, ya ce doka ce: shuka mai ƙasa a jiki ba ta ƙetarewa sai mai duba tsirrai ya gani, shi kuma ya fita, sai an jima. Motarmu ta gaji da jira ta tafi. Muka zauna a benci. Ina kallo hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ya fara tafiya kudu maso yamma, wato hanyar gida. Na ce a bar buhun mu wuce, aka ce an riga an rubuta shi, sai mai duba ya sa hannu. Awa uku muka yi. Da mutumin ya zo, ya ce a wanke saiwar tas a wuce. Ni da Malam Buba muka durƙusa da buta muna wanke ciyawa kamar masu gyaran alayyafo. Bai ce "na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Daga Babura zuwa Kazaure ban san wanda ke zaune kusa da ni ba. A Kanya Babba hanya jiƙe take. Gaba kaɗan ruwa kwance a gonaki, mutane sun fito da sungumi suna shuka. Na kira Rifkatu sau biyar, wayar ba ta shiga. Sai da muka wuce Kazaure ƙasa ta koma busasshiya, na saki numfashi. Hadarin ya ratse ta kudu, ya bar mu da iska kawai.

Ban shiga gida ba, ruga muka nufa. Mun iso Arɗo yana alwalar la'asar, sai da muka jira ya idar. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin tabarmarsa. Malam Buba ya yi masa bayani da Fulatanci, ban ji ko kalma ba sai sunana. Arɗo ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce, "Malam Yohanna, mu ne muka cinye daji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na faɗa, kuma ƙarya na yi. Ni na cinye shi da hannuna. Ku yafe mini."

"Ka san kunyar shuka nawa za mu rasa in aka jera dutse a wurin nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ba ka sani ba," in ji shi. Har na fid da rai. Can ya ce, "Mahaifinka bai taɓa ɗaure mini saniya ba, ko da ta shiga masa gona. Kuma ƙashin ɗan Adam ba na ruwa ba ne, ko na wane ne. Ku kawo duwatsunku. Da kun iso da hantsi da yau aka fara."

Maganarsa ta ƙarshe ta soke ni, domin na san abin da ya cinye hantsin, yana nan cikin buhu a bayana.

Gari na wayewa Fasto ya buga ƙararrawa. Dutse dai ba ma rasa shi a ƙasar Roni. Maza na fasawa a gindin tsauni, matan zumuntar coci na ɗauka a kwanoni, Arɗo ya ba da amalanke biyu da bijimai. Malam Buba ne ya nuna inda layukan za su bi, domin ya san hanyar ruwan fiye da kowa, ni kuma na faɗi yadda na ga Malam Isufu ya jera nasa: manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani. Ban tsaya ba da umarni ba ranar, dutse na ɗauka a ka tun safe, ba ko gammo, har tsakar kaina ta sale. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a gefen kabarin, ba ta dubi kowa ba.

Layin farko ya ƙare da hantsi, na biyu bayan azahar. Muna tsakiyar na uku iska ta taso, gari ya yi duhu, tsawa ta fashe a kan tsauni. Aka ce kowa ya gudu. Mata suka shige coci, aka ja bijimai. Ni na kasa tafiya. Na tsaya a saman ramin, Malam Buba ya tsaya kusa da ni da malafarsa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ba a jima ba na ga jan ruwa ya taho daga gonar Arɗo. Ya bugi layin farko ya baje, ya taru, ya tsallake. A na biyu ya sake tsayawa, ya kwanta a kan takin shanun Arɗo. Sai ya sami inda na uku bai kai ba, ya tattaru ya bi ta nan da gudu, ya faɗa kwazazzabon. Ina gani gefen da ke wajen makabarta ya tsage, wani ƙaton gutsure ya rufta. Na yi ihu, ban san me na ce ba. Malam Buba ya riƙe mini hannu gam, ya ce, "Tsaya, Malam. Duba, ƙarfinsa ya ragu." Haka muka tsaya har ruwan ya tsagaita.

Kabarin yana nan. Kafin in ƙarasa, Inna ta fito daga coci, zanenta a jiƙe, tana takawa a hankali cikin taɓo. Ta tsaya a gefen kabarin ta auna: ɗaya, biyu, da rabi. Ta daɗe tana kallon ramin, ta ɗaga kai ta kalli layukan dutse a gonar Arɗo, sa'annan ta juyo ta kalle ni. Jinin da ke tsakar kaina ruwa ya wanko shi har kan rigata.

Ta kwance ɗankwalinta, ta naɗe shi gammo, ta ce in sunkuyo. Ta ɗora mini a ka, ta danna da tafin hannunta.

Ta ce, "Yohanna, je ka ɗauko. Na ukun bai ƙare ba."